Makullin dif ko ɗaga mota: wanne zai hana Hilux kafewa a taɓon Epe?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina zaune a Agege a Legas, ina da Hilux ƙirar 2012 mai fowil, wato mai ja da tayoyi huɗu. Da ita nake kai abincin kifi da na kaji wata gona a bayan Epe, wani lokaci kuma in ɗauki siminti zuwa wani fili a Ibeju-Lekki. Da damina ta kankama sai motar ta riƙa kafewa a 'yar hanyar da ke shiga gonar, ko da na sa ogzileri, giyar da ke sa tayoyin gaba su ja tare da na baya. Wani bakanike ya ce a ɗaga ta inci 4, wani kuma ya ce makullin dif zan sa mata. Kuɗina ba za su isa duka biyun ba. Wanne ya fi?

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Allah ya ƙara buɗi. Bisa abin da ka bayyana, makullin dif na baya zan ce ka sa, ka rabu da maganar inci 4. Dif shi ne giyar da ke raba ƙarfin injin tsakanin tayar hagu da ta dama. Sai dai kafin ka fitar da ko sisi, ina so ka tabbatar da irin kafewar da motarka ke yi, domin kafewa iri biyu ce, kuma maganinsu ba ɗaya ba ne.

Ranar da ta sake kafewa, ka sauko, wani ya taka totur a hankali, kai kuma ka zagaya kana kallon tayoyin. Idan ka ga tayar baya ɗaya tana ta juyawa tana watsa laka, 'yar'uwarta tana tsaye cik a kan ƙasa mai tauri, a gaba ma haka, to matsalarka ta dif ce. Idan kuwa ka leƙa ƙarƙashi ka ga cikin motar ya zauna daram a kan ƙasa, tayoyin sun zama ba nauyi a kansu, wannan matsalar tsayi ce. A hanyoyin gonaki irin na wajen Epe da Ikorodu, inda gefe ɗaya kan zama taɓo ɗaya gefen ciyawa ko busasshiyar ƙasa, ta farkon ce ta fi yawa.

Ga dalilin. Idan mota za ta sha kwana, tayar waje tana cin tafiya fiye da ta ciki, don haka dole kowace ta juya da nata saurin. Aikin dif ke nan, kuma a kan kwalta ba shi da laifi. Amma dif na yau da kullum ƙarfi daidai wa daida yake raba wa tayoyin biyu, kuma wannan ƙarfin ba ya wuce abin da tayar da ta fi raunin riƙo za ta iya ɗauka. Da zarar ɗaya ta faɗa santsi ko ta rataye a sama, sai juyin injin ya tsiyaye ta wajenta kamar ruwan da ya samu gangare, mai riƙon kuma ta samu ɗan abin da ba zai motsa motar ba. Ogzileri yana haɗa gaba da baya ne, ba ya haɗa hagu da dama. Shi ya sa za ka ga mai fowil ta kafe alhali tayoyi biyu ne kawai ke juyawa, ɗaya a gaba ɗaya a baya. Makullin dif yana ɗaure tayoyin aksil ɗaya su juya tare dole, sai mai riƙon ta tura motar ta fita.

Ita kuwa ɗagawa, mutane da yawa ba su lura da abin da take ɗagawa ba. Sabon sifirin da dogon shakazoba suna ɗaga shasi da bodi, amma aksil ɗin bayan Hilux ƙarfe ne guda da ke zaune tsakanin tayoyi, kuma ƙullutun dif da ke tsakiyarsa yana nan inda yake ko an ɗaga motar inci nawa. A hanyar da tifofin yashi suka haƙe, irin waɗanda suka cika Ibeju-Lekki, wannan ƙullutun ne ke fara karo da tudun tsakiya. Abin da ke ɗaga shi taya ce kawai, ita ma rabin ƙarin tsayinta ake samu. Misali, taya mai lamba 265/65R17 tsayinta kusan milimita 776 ne, mai lamba 265/70R17 kuma kusan 803. Ribar da ƙullutun ya samu ba ta wuce milimita 13 zuwa 14 ba. Amfanin ɗagawa na gaskiya shi ne ta ba babbar taya wurin zama, ta kuma hana bamba da tsakiyar shasi gugar ƙasa wajen hawa tudu ko tsallake kwata.

Inci 4 kuwa ya yi yawa ga motarka. Gaban Hilux irin taka kowace taya cin gashin kanta take yi, da gajeren shaf mai gaɓoɓi daga dif zuwa taya. In aka ɗaga ta da yawa, shaf ɗin sai ya karkace fiye da yadda aka tsara shi, robarsa ta riƙa yagewa, boljoyin, wato gaɓar da ke riƙe da taya, ya riƙa mutuwa da wuri, alaimen ya ƙi zama, tayoyi su ci gefe ɗaya. Ana iya gyara waɗannan, amma sai an sayi ƙarin kaya masu tsada, kuma wanda ya ba ka farashi mai sauƙi da wuya ya sa su a lissafi. Abin da ya fi damuna ma shi ne nauyin motar ya koma sama. Kai mai ɗaukar siminti ne, kana bin titin Lekki zuwa Epe tare da manyan motoci. Ranar da aka shigo maka kwatsam ka murɗa sitiyari, doguwar mota mai lodi ta fi saurin kifewa. Wannan maganar rai ce, ba ta ado ba. In har za a ɗaga, kada a wuce inci 2, wato kusan milimita 50.

Ka ma auna motar tukuna. Mota mai shekaru fiye da 10 tana dakon buhuna, sau da yawa sifirin bayanta ya riga ya kwanta. Sauya shi da sabo mai ɗaukar nauyi kaɗai zai dawo maka da tsayin da ka rasa.

Makullan ma iri-iri ne. Akwai wanda direba ke kunnawa da maɓalli, ko dai na iska irin na kamfanin ARB na Ostareliya, wanda ke buƙatar ɗan kwamfireso, ko na lantarki irin na Eaton. Wannan nake ba ka shawara, domin in ka kashe shi motar tana komawa yadda ka san ta, kuma mafi yawan tafiyarka daga Agege a kwalta take. Akwai mai kulle kansa da kansa, ya fi araha, amma yana ƙara a kwana, kuma a jiƙaƙƙen titi in bayan motar ba kaya yakan sa ta wulla gindi. Sai kuma dabarar da za ka ji a wasu garejoji, wai a yi wa dif walda ya kulle har abada. Don Allah kada ka yarda. Zai cinye maka taya, ya wahalar da shaf, ya sa kowace kwana ta zama kokawa. Makullin gaba ma ba ka buƙatarsa, yana taurara sitiyari, kuma shi ne ya fi karya shaf a hannun wanda bai saba ba.

Wasu Hilux suna zuwa da makullin baya tun daga kamfani, don haka ka duba maɓallan dashbod ɗinka ko yana nan ba a taɓa amfani da shi ba. In babu, kuma aka ce za a samo maka aksil ɗin tokumbo mai makulli a kasuwar Ladipo, hanya ce mai kyau, amma da sharaɗi: lissafin haƙoran giyar dif ɗin dole ya zo ɗaya da na dif ɗin gaban motarka. In sun saɓa, duk lokacin da ka sa fowil gaba da baya za su riƙa jayayya har su lalata akwatin ogzileri. Ka tafi da bakaniken da ya san wannan, a ƙirga haƙoran a gabanka, a kuma gwada makullin kafin ka biya.

In an sa, ka kunna shi kafin ka shiga taɓon, motar na tsaye ko tana rarrafe ƙasa da gudun kilomita 8 a awa. Kada ka danna shi taya na tsakiyar juyawa a banza, haƙoransa za su karye. Da ka hau ƙasa mai tauri ka kashe. A gangaren da ya karkata gefe kuma mai santsi ka yi hattara, tayoyin baya biyun kan zame tare.

Duk wannan bayanin, in tayoyinka na kwalta ne kuma sun cinye, makulli ba zai yi maka komai ba, biyun za su juya tare a banza. Saboda haka in tayoyin sun gaji, su za ka fara saya, masu manyan haƙora da ke iya zubar da laka, makullin ya jira wata shekara. A yashin Ibeju kuma rage iska zuwa wajen 18 ko 20 a ma'aunin mai faci yakan yi aikin da ƙarfe bai yi ba, in dai kana da famfon mayar da ita kafin ka koma titi. Shebur da igiyar ja mai ƙarfi kada su bar bayan motar.

Ruwa kuma wani babi ne daban, tunda a watan Yuni da Yuli ba ka rasa ratsa ambaliya a wajen Ajah. Kowane dif yana da ɗan bututun numfashi a samansa. In ya yi zafi aka tsoma shi cikin ruwa, yakan zuƙi ruwan ta nan, man ya koma fari-fari, giya da makullin da ka kashe wa kuɗi su fara tsatsa. Ranar da za a sa makullin, ka sa a ƙara wa bututun tsawo da tiyo zuwa saman shasi, kuma duk sanda ka ratsa ruwan da ya kai tsakiyar taya, a buɗe a duba man.