An rage kuɗin fulat, amma rukunin gidajen kusan ba kowa: in saya?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ma'aikacin gwamnati ne a Abuja, ina haya a Kubwa. Wani dillali ya kai ni wani rukunin gidaje a Lokogoma, ya nuna min fulat mai ɗaki biyu da falo, an rage kuɗinsa sosai. Sai dai benen fulat 24 ne, bakwai kaɗai ke da mutane, layin baya ma ciyawa ta cinye shi. Ya ce in biya cikin mako biyu a ba ni takardar alokeshan. Kuɗin nan su ne duk abin da na tara, hankalina ya ƙi kwanciya.

Amsa: Wa'alaikumus salam. Malam, kada ka biya ko sisi cikin mako biyun nan. Gidan da ya daɗe yana jiran mai saye ba inda za shi, gaggawar ta dillali ce, la'adarsa yake hange.

Gidaje sun yi yawa a kasuwa ne saboda masu saye sun ja baya. Ruwan bashin gida a bankuna ya haura kashi 20, hauhawar farashi ta wuce kashi 34 a ƙarshen 2024, albashi kuwa bai bi ta ba. Amma wasu masu gini a Abuja ba da bashin banki suka gina ba, ba mai matsa musu, sai su kulle gida su jira. Don haka idan ka ga an yi babban ragi, ka tambayi abin da ya matsa wa mai shi.

Kuɗin sabis shi ne abin da ba a faɗa maka. Dizal na janareta, gyaran famfon burtsatse, masu gadi, kwashe shara, duk a kan mazauna suke. A ce hidimar benen naira miliyan 12 ce a shekara. In an cika 24, kowa 500,000 zai ba da. In ku bakwai ne, kuma kamfanin da ya gina benen bai ɗauki nauyin sauran ba, kusan miliyan 1.7 ke nan a kan kowa. Ka nemi a rubuta a yarjejeniya wa ke biyan kason fulat ɗin da ba a sayar ba.

Sai takardar alokeshan, wadda kullum sai an zo mana da ita a leda ana murna. Ba takardar mallaka ba ce. Wasiƙa ce kamfani ya buga da tambarinsa yana cewa ya ware maka fulat lamba kaza, shi ke nan. A Abuja ministan birnin ne kaɗai ke da ikon ba da ƙasa. Ba kamfani ba, ba shugaban ƙaramar hukuma ba, ba mai unguwa ba. C of O, wato takardar shaidar mallakar fili da gwamnati ke bayarwa, na filin gaba ɗaya da sunan kamfanin yake, in ma akwai shi. Idan ya kai shi banki jingina ya kasa biya, da bankin za ka yi shari'a, kuma wasiƙarka ba za ta tsaya gaban jinginar da aka yi wa rajista ba. Idan an ƙwace filin saboda bashin harajin fili, kamar yadda aka soke takardu sama da 4,000 a 2025, da naka aka tafi. Idan kuɗin ginin na haram ne, ka tuna a Lokogoman nan kotu ta miƙa wa gwamnati gidaje 753 a Disambar 2024 bayan ƙarar EFCC. Kuma kada wani ya ce maka takardar wakilci ta wadatar, "haka kowa ke yi". Wakilci izinin yin aiki ne a madadin mai abu, ba ya mayar da kai mai shi. Abin haushi, har masu ilimi suna faɗawa wannan rami, su sa hannu a ofishin dillali don kada su biya lauya.

Ka ɗauki lauyanka, ba na kamfanin ba. Ya karɓi lambar fayil ɗin filin ya yi bincike a AGIS, hukumar da ke ajiye bayanan filayen Abuja: sunan wa ke kan filin, akwai jingina, an biya haraji? Ya duba amincewar hukumar kula da gine-gine, ya gwada yawan hawan da aka amince da wanda aka gina. Sannan a rubuta takardar miƙa mallaka mai ɗauke da lambar fulat ɗinka, a nema mata amincewar minista a yi rajista. Ofisoshin nan za su ja maka rai, ka haƙura. Tunda ana cire maka kashi 2.5 daga albashi na asusun gidaje, ka gwada neman bashin FMBN, bankin bashin gidaje na gwamnatin tarayya, mai ruwa kashi 6 a kan fulat ɗin. In an ƙi takardunsa, ka sami amsarka.

Kuma ka koma unguwar ba tare da dillali ba, da dare, ka ƙirga fitilu, ka tambayi mazauna bakwai ɗin nan inda ruwa yake kaiwa a watan Agusta, don wasu sassan Lokogoma kan hanyar ruwa aka gina su.