Rauta ɗaya, kwamfuta biyu: ɗaya na hawa intanet, ɗaya ta ƙi

Tambaya: Salam malam, barka da aiki. Rauta ɗaya gare mu a gida, kwamfutar tebur ta yayana da kebul aka haɗa ta, ni kuma laftof ɗina ta waifai take hawa. Yau kwana uku kenan tana nuna ta haɗu amma ko shafi ɗaya baya buɗewa, tashi kuwa lafiya lau. Na kashe na kunna har na gaji. In tsikari ɗan ramin nan na riset dake bayan rautar ne?

Amsa: Wa'alaikumus salam. Dan Allah kar ka taɓa ramin nan tukuna, in ka tsikare shi duk setin rautar zai goge har sunan waifai da fasuwod, kaga ka jefa yayan naka cikin matsalar da babu ruwansa. Tunda tashi na aiki toh sabis na shigowa gidan, ba laifin kamfani bane kuma ba data ce ta ƙare ba, matsalar tana tsakanin laftof ɗinka da rautar ne kawai.

Fara da mai sauƙi. Zare kebul ɗin daga bayan kwamfutarsa ka soka a taka in tana da wurin. In intanet ta zo nan take, ɓangaren waifai ne ke da ciwo, sai ka sa laftof ɗin ta manta da netwok ɗin ka sake shigar da fasuwod daga farko.

In bata zo ba, mayar masa da kebul ɗinsa, ga inda nake so ka natsu sosai. Na ɗauka Windows kake amfani da ita. Danna maɓallin Windows da R tare, rubuta cmd, baƙin allo zai fito sai ka rubuta ipconfig ka duba layin IPv4 Address. Wannan lambar ita ce adireshin da rauta ke ba kowace na'ura, kamar lambar ɗaki ce, dole kowa da tashi. In ka ga ta fara da 169.254 toh rautar bata baka komai ba, Windows ce ta gaji da jira ta laƙaba wa kanta, kuma da irin wannan lambar ba inda zaka je. Rubuta ipconfig /release sannan ipconfig /renew ka sake dubawa, yawanci so ake ka ga mai farawa da 192.168.

Yanzu je ka yi haka a kwamfutar yayanka ku gwada lambobin. Kashi uku na farko su zama iri ɗaya, na ƙarshen ya bambanta, misali shi 192.168.1.5 kai 192.168.1.6. In sun zo daidai sak ko naka ya yi wani waje daban, mai yiwuwa akwai wanda ya taɓa rubuta adireshin da hannu. Na sha ganin wannan wallahi, akwai wani bawan Allah da aka saita masa laftof a wurin aiki, ya dawo gida sati guda yana zargin rauta har ya sayo sabuwa, ashe lambar ofis ce maƙale a ciki, minti biyu muka gyara. Danna Windows da R, rubuta ncpa.cpl, danna dama kan Wi-Fi, Properties, buɗe Internet Protocol Version 4 ka zaɓi Obtain an IP address automatically.

Adireshi yayi kyau amma har yanzu shiru? Rubuta ping 8.8.8.8. In ka ga Reply na sauka layi layi toh intanet ɗin na nan, DNS ne ya kwanta, wato mai juya sunan shafi zuwa lamba. A wurin can da ka buɗe ɗazu saka 8.8.8.8 na Google ko 1.1.1.1 na Cloudflare a gurbin DNS, ka bi da ipconfig /flushdns.

Ka kuma leƙa ko akwai VPN ko furoksi, wato masu karkatar da intanet ɗinka ta wata hanya, da aka bari a kunne. Agogon kwamfutar ma duba shi, in kwanan wata ya karkace shafuka da yawa ƙin buɗewa suke.

In duk wannan bai yi ba, ku shiga rautar ta kwamfutar yayanka, lambar da ipconfig ya nuna a Default Gateway ita zaku rubuta a burauza, ku duba MAC filter, wato jerin na'urorin da rauta ke bari ko hanawa, ko an toshe laftof ɗin bisa kuskure. In ba'a toshe ba, turo min abin da ipconfig ya nuna maka mu duba tare.