Me ke sa gajeren littafin tarihin ƙasa ya yi daɗin karatu?

Ka tambayi abin da ke riƙe mai karatu har shafin ƙarshe. A ganina, marubuci ya san abin da zai bari. Wanda ya dage sai ya jero kowane sarki da kowane yaƙi, barci zai sa ka.

Dalilai ake so, ba shekaru zalla ba. Kar ya tsaya a kan cewa an yi juyin juya hali a Faransa a 1789. Ya nuna yadda bashi ya yi wa gwamnatin Sarki Louis na 16 katutu bayan ta tallafa wa Amurka a yaƙinta da Ingila, har sarkin ya kira majalisar wakilan ƙasa da rabonta da zama tun 1614. A nan ne mai karatu zai gyara zama.

Sannan, don Allah, a sa taswira, babi kuma kar ya cika tsawo.