Amsa ga Hajiya kan takardar sallamar yaron nan daga soja

Assalamu alaikum jama'ar gida. Hajiya, ina wuni, ya sanyi? Na ji muryarki tun da rana, ina wurin aiki shi ya sa ban amsa ba. Kin ce ɗan ƙaninki sojan ƙasa na nan Amurka sun sallame shi saboda tabar wiwi ta fito a gwajin fitsarinsa, wani kuma ya gaya muku bayan wata shida takardar za ta gyaru da kanta, ga shi an shekara biyu shiru, kina tambaya wane ofis za a je a karɓo sabuwar. To Hajiya, ki yi haƙuri, babu wata sabuwar takarda da ke jiransa a ko'ina. Zancen wata shidan nan ƙarya ne. Tun kafin in sa kaki ake yin wannan ƙaryar, har na tuɓe ana yin ta. In bai rubuta ya nema ba, haka takardar za ta zauna har ya tsufa.

Kuma abin yana min ciwo ne saboda na ga wanda ta cinye. Akwai abokina, yaron zango ne daga Kumasi, tare muka dawo daga Iraki. Mutumin da ko sigari bai sha kafin mu tafi. Muka dawo, barci ya gagare shi, ya fara busawa don ya samu ya runtsa, aka kama shi a 2006. Wani saje, har yau ina ganin fuskarsa, ya kira shi gefe ya ce sa hannu kawai ka tafi gida, wata shida komai zai koma daidai. Ya sa hannu. Abin da ya sa wa hannun kuwa, ya yafe haƙƙinsa ne na zama gaban kwamitin hafsoshi ya kare kansa, don duk wanda za a ba irin takardar da aka ba shi yana da wannan haƙƙin, haka ma wanda ya kai shekara shida a aiki. Sajen ya san haka. So yake a rufe fayil kafin Juma'a. Bawan Allah ya dawo Bronx ya kama tuƙin tasi, yana jiran gawon shanu. Duk wasiƙar da ta zo sai ya buɗe da sauri. Sai a 2022 ya faɗa min, a wurin suna, muna cin waake a tsaye. Shekara 16! Ƙofar neman gyara mafi sauƙi ta riga ta rufe. Wallahi da zan haɗu da sajen nan... to, bar shi, Allah na nan.

Abu na farko, Hajiya, a ɗauko DD-214 ɗinsa, wato takardar sallamar, doguwar, wadda aka rubuta Member 4 a ƙasanta, don gajerar ba ta nuna abin da muke nema. Ki duba gida na 24, nan aka rubuta irin sallamar. Mutanenmu komai sai su ce "an kore shi", alhali kora suna ta tara. Akwai Honorable, ita ce fara tas. Akwai General, Under Honorable Conditions. Akwai Other Than Honorable, wadda muke cewa OTH, ita aka ba abokin nan nawa. Waɗannan uku a ofis ake yanke su. Sai Bad Conduct da Dishonorable, su kotun soja kaɗai ke iya ba mutum. Yaron da fitsarinsa kawai ya nuna, karo ɗaya, ya sha Article 15, wato horon da kwamanda ke yi ba tare da kotu ba, aka cire masa igiya, galibi General ce ko OTH. Gida na 28 kuma shi ne dalili, zan iya rantsewa za ki ga Misconduct, Drug Abuse. Na 27 lambar komawa aiki ce, in kin ga 4 to sun ce kada ya dawo. Duk ukun nan ana iya neman a canja su, kuma ya nemi duka a rubuce, don wani ana gyara masa na 24 a bar masa kalmar ƙwaya a na 28, duk mai ɗaukar aikin da ya karɓi takardar ya karanta.

Na san abin da kike tambaya a zuci, kuɗin makaranta ne, tunda kin ce yana son komawa karatu. GI Bill, wato tallafin karatu na tsofaffin soja, sai da Honorable. General ba ta isa ba, ko da kalmar honorable na cikin sunanta, nan ne mutane ke ruɗewa. A'a, bari in gyara, akwai rami ɗaya: in ya gama kwantiraginsa na farko lafiya, ya sake sa hannu, sannan abin ya faru a na biyu, to wancan zangon na farko yana iya ba shi haƙƙin. A tambaye shi wannan.

Ƙofofin neman gyaran biyu ne. Ta farko Discharge Review Board, wato hukumar sake duba sallama, fom ɗinta DD 293, kuma shekara 15 ce daga ranar sallama, in ta wuce ta wuce. Yaronku yana ciki sosai. Abin da nake so da wannan ƙofar, cin tuwo biyu ne: a fara cewa su duba takardu kawai, in sun ƙi, sai ya nemi ya bayyana gabansu ya yi magana da bakinsa. Kada a fara da bayyanar, an zubar da dama ɗaya ke nan. Ta biyu ita ce hukumar gyaran bayanan soja, fom DD 149, ita a ƙa'ida shekara uku ce daga lokacin da mutum ya gano kuskuren, amma suna iya ɗaga ƙafa in adalci ya buƙaci haka. Can abokina ya nufa dole. Wanda kuma babbar kotun soja ta yanke wa hukunci, shi ma can zai je, ta farkon ba ta taɓa nasa. Kuma ki kwantar da hankalin babansa, ba sa mayar da takarda ta fi da muni don an nemi gyara. Fom ɗin ma kyauta ne.

Yanzu ga inda mutanenmu ke faɗuwa. Sai a cika fom a rubuta layi uku: yaro ne, ƙuruciya ce, a yi masa afuwa don Allah. Hajiya, wannan roƙon a gaban mai unguwa yake aiki. Su waɗannan suna zama ne da zaton cewa soja sun yi komai daidai, kai ne za ka nuna akasin haka. Hanya biyu suke saurara. Ko ka nuna an taka doka wurin sallamar, ko ka nuna hukuncin ya fi laifin nauyi in aka ɗora shi kan dukan aikinka. Misalin ta farko: a dokar sojan ƙasa, in yaro da ƙafarsa ya je ya ce ina da matsalar shaye-shaye a taimake ni, kafin a kira shi gwaji, ba a yarda a juya wannan maganar a ɓata masa takarda da ita ba. In sun yi amfani da ita, Honorable ya kamata su ba shi. Shi ya sa sai an nemo fayil ɗinsa kaf, da na asibitin soja, da fom ɗin neman fayil, SF 180, ko ta intanet, a karanta shafi-shafi kafin a rubuta ko harafi ɗaya.

Amma ni abin da ya tsaya min a muryarki shi ne da kika ce tun da ya dawo daga Iraki ba ya barci, yana zabura, an kai shi wurin malam an yi ruƙiyya, kuma kada a faɗa wa kowa. Addu'a a ci gaba da yi, ni ma ina shan rubutu, ban raina ba. Sai dai wannan abin da kuke rufewa shi ne ƙashin bayan ƙarar tasa. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. A 2014 sakataren tsaro Chuck Hagel ya ba da umarni a riƙa sassauta wa masu ciwon firgicin yaƙi, PTSD, in sun zo neman gyara. A 2017 aka fitar da wata takardar, ta Kurta, wani babban jami'in ma'aikatar tsaro, ta faɗaɗa abin ya haɗa da sauran ciwukan ƙwaƙwalwa da damuwa, da bugun kai, da cin zarafi na lalata. A cikinta aka yarda cewa mutum na iya faɗawa shaye-shaye don yana yi wa kansa magani. Tambayoyinsu huɗu ne, kuma a kansu za a gina wasiƙar: yana da ciwon? Tun yana cikin kaki ya same shi? Ciwon ne ya ja shi ga laifin? Sannan in aka auna, ya rinjayi laifin? Ta ukun nan ita ce mai wuya. Bai isa likita ya rubuta yana da PTSD ba, sai ya ɗaure igiyar, ya ce rashin barcin nan da firgitar nan su suka kai shi ga tabar. Ko yanzu aka gano ciwon, bayan ya bar aiki, ana karɓa, in likitan ƙwaƙwalwa mai lasisi ne ya duba shi. Abokina shekara da shekaru yana cewa iska ce. Matarsa ta sani, limaminsu ya sani, likita ne kawai bai sani ba. To malam ba ya rubuta rahoton da hukumar gyaran da ke Arlington za ta karanta.

Kada kuma a ƙirƙiro ciwon da babu, akwai likita a cikin masu dubawar. In lafiyarsa ƙalau, sha'awa ce da abokan banza, to akwai takardar 2018 ta Wilkie, shi ma babban jami'in ma'aikatar tsaro ne a lokacin, ita tana duba abin da mutum ya zama bayan ya fita: ya yarda da laifinsa, ya daina, yana aiki, yana riƙe iyali. Har ta ambaci tabar wiwi, cewa wasu jihohi sun halatta ta, nauyin laifin na iya sauyawa da zamani. Amma kar ya je yana cika baki wai ai Niyok ta halatta tun 2021. Soja dokar tarayya suke bi, har yau haram ce a wurinsu, ko man CBD ɗin nan da ake sayarwa a kantin kwana an hana su. Ya ce na yi, na yi kuskure, ga abin da ya kai ni, ga inda nake yau. A haɗa da wasiƙar mai gidansa na wurin aiki, ta liman, ta wani tsohon sajensa da ya san shi kafin abin ya lalace, takardar gama shirin daina shaye-shaye, sakamakon gwajin fitsari masu tsabta, lambobin yabonsa. In kuma sayarwa yake yi ba sha kaɗai ba, ki gaya min gaskiya, don wannan wani dutse ne daban, ciwo ba ya wanke abin da aka zauna aka shirya.

Sai abu ɗaya da ba na so a yi wasa da shi. Yaron nan a nan aka haife shi, ko girin kad gare shi, ko ta soja ya samu fasfo? In ta soja ya zama ɗan ƙasa, kuma aka sallame shi da OTH kafin ya cika shekara biyar yana aiki lafiya, doka ta ba gwamnati damar neman ƙwace takardar. In girin kad ne, duk abin da ya rubuta da hannunsa kan shan ƙwaya yana iya biyo shi wurin 'yan shige da fice. Saboda haka lauyan shige da fice ya ga wasiƙar kafin ta fita. Ba mai cika fom na bayan shagon aski ba, irin wanda ya karɓe wa abokina kuɗin tasi na sati biyu ya cika masa 293 bayan wa'adinta ya wuce, aka dawo da ita ko buɗewa... kai, in na shiga wannan sai asuba.

Taimako kyauta yana nan. Ƙungiyoyin tsofaffin soja, DAV, American Legion, VFW, duk suna da wakilai. NVLSP suna haɗa tsofaffin soja da lauyoyi ba ko sisi. Makarantun lauya da yawa suna da ofishin tsofaffin soja, na Yale ne ma suka kai sojan ƙasa kotu har aka sasanta a 2021 aka sake buɗe ƙararrakin mutane da yawa da aka ƙi. Shafin VA, ma'aikatar kula da tsofaffin soja, shi kuma yana da wurin da za ka amsa tambayoyi ya nuna maka fom ɗin da ya dace da inda za a aika. A sa rai da jira, watanni ne, wani lokaci ya haura shekara.

Kafin nan, kada ya zauna gida yana cewa VA ba tasa ba ce. In General gare shi, galibi asibitinsu a buɗe yake gare shi. In OTH ce, ya shigar da buƙata duk da haka, su da kansu za su auna aikinsa su yanke ko ya cancanta, wannan daban yake da gyaran takarda. In kuma dare ya yi masa tsawo, kin gane abin da nake nufi, ya kira layin taimakon gaggawa 988 sai ya danna 1, ba ruwansu da irin sallamarsa.

Ki ɗauki hoton DD-214 ɗin ki turo min ni kaɗai, ba cikin gurup ba, ki rufe lambar soshiyal ɗinsa da yatsa. Kuma ki ba shi lambata ya kira ni da kansa bayan isha'i, don akwai abin da ba zai faɗa a gaban gwaggonsa ba. Sai na ji ku.