Injin murza ƙarfe yana girgiza: a gyara ko a sayi sabo?

Tambaya: Ina da hannun jari a wata masana'anta da ke murza ƙarfe ya zama falle, irin wanda ake yin kwanon rufi da shi. Injin yana girgiza da zarar an ƙara masa gudu, masu saye suna dawo da kaya, manaja kuma ya ce mu haɗa kuɗin sabo. Shin in zuba?

Amsa: Alhaji, kada ka saki ko sisi tukuna, sai an gano wace irin girgiza ce, domin kowace da tushenta da kuɗin maganinta.

Wadda ta fi ɓarna tana kaɗawa kamar sau 100 zuwa 250 a daƙiƙa ɗaya, kuma bayaninka ya fi kama da ita. Tana tasowa ne idan gudu ya wuce wani mataki, musamman a injin da rololinsa, wato mulmulallun ƙarafan da ke matse fallen, ke jere kashi-kashi: rola ta ɗan motsa, kaurin falle ya sauya, ƙarfin jan da ke tsakanin kashi biyu ya sauya, shi kuma ya sake motsa rolar, har ƙara ta cika wurin, wani lokaci fallen ya tsinke. Man da ake fesawa yana da hannu a ciki, ko santsi ya yi yawa ko ya yi kaɗan. Mai kula da injin yakan rage gudu ta lafa, sai dai a nan ne ribarka ke zubewa ba ka gani, tunda albashi da dizal da ruwan bashin banki ba sa raguwa don kaya sun ragu.

Akwai kuma mai saurin kaɗawa, wajen sau 500 zuwa 700, wadda ke barin siraran layuka a gicciye a fuskar falle, in ka karkata shi ga haske za ka gan su. Galibi daga rolar da ba a wasa daidai ba ne, ko boris da ya cinye. In kuma girgizar mai jinkirin kaɗawa ce, a duba giyar injin da sandar da ke juya rola.

Shawarata ita ce ku ɗauko injiniya mai na'urar auna girgiza, ya auna injin yana aiki, ya rubuta rahoto, sannan ku kwatanta kuɗin gyara da asarar wata guda. Idan har sayen ya zama dole, a rubuta cikin yarjejeniya cewa ba za a cika kuɗi ba sai an gwada injin da cikakken gudu a kan falle mafi siranta da kuke sayarwa.