Fatawa: Hukuncin Shan Maganin Itacen Ashoka na Indiya

TAMBAYA

Assalamu alaikum. Allah ya gafarta malam. Ni mutumin Kano ne, ina karatu a birnin Bengaluru na ƙasar Indiya, kuma iyalina tana tare da ni. Ta daɗe tana fama da yawan zubar jini da ciwon mara lokacin al'ada. Wata maƙwabciyarmu ta kai ta wurin likitan gargajiyarsu na Ayurbeda, ya ba ta wani ruwan magani a kwalba mai suna Ashokarishta, wanda aka ce daga ɓawon itacen ashoka ake yin sa. Ta kwana biyu tana sha, kuma ta ji sauƙi. Daga baya na ga an rubuta a jikin kwalbar cewa akwai barasa a ciki, sannan na ji cewa mabiya addinin Hindu suna girmama wannan itace. Malam, ya halatta ta ci gaba da sha? Wanda ta riga ta sha fa?

AMSA

Wa alaikumus salamu wa rahmatullah. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah da alayensa da sahabbansa. Allah ya ba maiɗakinka lafiya, ya saka maka da alheri da ka tsaya ka karanta jikin kwalba kafin a yi nisa.

Itacen halal ne, ɓawonsa halal ne, karɓar magani daga hannun likita ɗan Hindu halal ne. Abin da ke cikin wannan kwalbar kuwa, ta daina sha daga yau. Ga dalili.

Ashoka, wanda masana tsirrai ke kira Saraca asoca, ɗan madaidaicin itace ne mai ganye kore shar duk shekara, yana fitar da furanni masu ƙamshi, ruwan lemo da ja, daga wajen Fabrairu zuwa Afrilu. Asalinsa dazuzzukan Indiya ne da Sri Lanka, musamman tsaunukan gaɓar yammacin Indiya, waɗanda suka ratsa ta jihar da kake. Tsofaffin littattafan Ayurbeda sun lissafa shi cikin masu kwantar da ciwo, kuma shahararsa a wurinsu ta ciwon mata ce: yawan jini, ciwon mara, da farin ruwa. Asalin tsiro a shari'a halacci ne, saboda faɗin Allah cewa shi ne ya halitta muku abin da ke ƙasa gaba ɗaya. Ba ya haramta sai in yana cutarwa ko yana bugarwa.

Kasancewarsa maganin Indiyawa ba aibi ba ne. Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Ummu Ƙais bint Mihsan cewa Annabi (SAW) ya yi umarni da a riƙi itacen Hindu, wato ƙusɗul hindi, ya ce akwai waraka bakwai a cikinsa. A lokacin mutanen Indiya ba Musulmi ba ne, kuma hakan bai hana a yabi abin da ya fito daga ƙasarsu ba. A ranar hijira ma Annabi ya ɗauki Abdullahi ɗan Uraiƙiɗ ya nuna masa hanya alhali yana kan addinin mutanensa, daga nan malamai irin su Ibnul Ƙayyim suka ciro halaccin zuwa wurin likitan da ba Musulmi ba in an amince da iliminsa da gaskiyarsa. A zamanin Abbasiyawa an fassara littattafan likitancin Indiya zuwa Larabci a Bagadaza, kuma Aliyu ɗan Rabban Aɗɗabari ya ware musu sashe guda a littafinsa na likitanci wajen shekarar 850 miladiyya. Darbejiyar da muke dafa ganyenta a gida ita ma daga can aka kawo mana ita.

Gaskiya ne Hindu suna girmama ashoka. Suna shuka shi a wuraren bautarsu, suna danganta shi da wasu gumakansu, kuma a yankin Bengal akwai ranar da mata ke cin tohon furensa don neman albarka ga 'ya'yansu. Amma girmamawar da wani ya yi wa halitta ba ta haramta amfaninta. Saniya ta fi ashoka daraja a wurinsu, ba mu daina shan nono ba. Abin da ya haramta shi ne shiga cikin aƙidar: cin furen a ranar bikinsu da nufin albarka, ko yarda a karanta wa maganin addu'o'insu na kiran gumaka, ko kai shi gaban Dhanwantari, wanda suke ɗauka ubangijin magani. Tirmizi ya ruwaito yadda Annabi ya tsananta wa waɗanda suka roƙe shi ya sanya musu itacen neman albarka irin Zatu Anwaɗ na mushirikai. Muslim kuma ya ruwaito daga Aufu ɗan Malik cewa babu laifi ga tofi matuƙar babu shirka a ciki. Don haka in likita ya duba, ya rubuta, kun saya, babu komai. In ya haɗa da surkulle ko duba taurari, ku bar shi ku nemi wani.

Yanzu sai kwalbar, kuma nan nake so ka natsu. Duk maganin Ayurbeda da sunansa ya ƙare da arishta ko asawa, tsimi ne. Ana dafa ɓawon ashoka, a tace, a zuba mazarƙwaila mai yawa, a ƙara furen wani tsiro da suke kira dhataki don ya tayar da tsami, tare da citta da ƙwallon mangwaro da wasu saiwoyi, a rufe tukunya a liƙe bakinta kimanin wata guda. Sukarin ne ke juyewa ya zama barasa. Yawanci yakan kai kashi 5 zuwa 10 cikin 100, dokar Indiya kuma ta yarda ya kai har kashi 12. Giyar kwalba da ake sayarwa a mashaya tana wajen kashi 5 ne. Ke nan wanda ya ɗaga kwalbar ya shanye zai bugu, kuma a jihar Kerala sanannen abu ne mashaya suna fakewa da arishta har hukuma tana sa ido kan masu sayar da shi.

Likitan zai ce cokali biyu ne kawai, kuma ana sirkawa da ruwa. Annabi (SAW) ya riga ya rufe wannan ƙofa: abin da mai yawansa ke bugarwa, kaɗan ɗinsa haramun ne. Abu Dawuda da Tirmizi suka ruwaito. Da Ɗariƙ ɗan Suwaid ya ce shi don magani yake yin giya, Annabi ya ce masa ita ba magani ba ce, cuta ce. Wannan yana cikin Muslim. Mazhabarmu ta Malikiyya ta tsaya a kan haka. Mai Risala ya ce ba a magani da giya ko najasa, Shaihu Halil kuma ya halatta ta ne ga wanda aka tilasta da wanda loma ta shaƙe shi kawai, ya ce ban da magani ko da shafawa ne.

Na san za a ce ai malaman zamani sun yi sassauci. Sun yi, amma da sharaɗi. Majalisar fiƙihu ta Rabiɗa, wato Ƙungiyar Musulmi ta Duniya, a zamanta na 16 a Makka cikin Janairun 2002, ta hana magani da tsantsar giya, ta halatta maganin da ke ɗauke da ɗan alkohol wanda ya narke ya ɓace a ciki, wanda haɗin maganin ke buƙata, in babu madadinsa kuma amintaccen likita ne ya rubuta. Ashokarishta bai cika ko ɗaya daga manyan sharuɗɗan biyu ba. Barasar da ke cikinsa ba ta ɓace ba, ana jin ƙamshinta da ɗanɗanonta, kuma shi kansa ruwan ne aka tsima ya zama abin maye. Madadi kuwa yana nan a cikin Ayurbedar kanta: suna dafa ɓawon da ruwa a sha, suna dafa shi da madara, suna daka shi gari, suna yin ƙwaya da shi. Ka koma ka ce masa ku Musulmi ne, ya ba ku dafaffe ko gari ko ƙwaya. Indiya tana da Musulmi kusan miliyan 200, ba yau suka fara jin wannan buƙata ba. Tunda akwai mafita, babu lalura.

Wanda ta sha a baya babu zunubi a kanta, babu a kanka, don ba ku sani ba, kuma Allah ya amsa addu'ar muminai ta ƙarshen Baƙara cewa kada ya kama su da mantuwa ko kuskure. Sallolinta sun inganta, hadisin da ya ce ba a karɓar sallar mashayin giya kwana arba'in bai shafe ta ba, kada ka bari shaiɗan ya sa mata waswasi. Ragowar a zubar, kada a sayar, kada a mayar wa maƙwabciya kyauta. A wanke kofin da cokalin.

Akwai abin da ba ka tambaya ba, amma amana ta sa in faɗa. Halaccin garin ɓawon yana tare da sharaɗin rashin cutarwa. Wani reshe na Ayurbeda yana haɗa ƙarafa cikin magani da gangan. A wani bincike da aka wallafa a 2004, wasu likitoci a birnin Boston na Amurka sun gwada magungunan Ayurbeda 70 da ake sayarwa a shaguna, suka sami dalma ko zaiba ko arsenik a cikin 14. Saboda haka a saya daga kamfanin da ke da lasisin hukuma, mai jera abin da ke ciki. Sannan itacen na gaskiya ya yi ƙaranci a daji, har 'yan kasuwa suna cakuɗa ɓawonsa da na wani itace da shi ma ake kira ashoka. Wannan na biyun shi ne dogon siririn nan mai ganye masu zubowa ƙasa da ake jerawa bakin katanga a Abuja da Kano. Ba dangi ɗaya suke ba, kada wani ya karanta wannan amsa ya je ya sassaƙi na ƙofar gidansa ya ba matarsa.

Kuma ɗan'uwa, ka kai ta asibiti wurin likitar mata a yi mata hoto da gwajin jini. Yawan zubar jini yana iya zama alamar ƙari a mahaifa ko wata larura da saiwa ba za ta cire ba, yana kuma ƙarar da jinin jiki a hankali. Sauƙin da ta ji bai nuna an gano musabbabin ba. Lafiyarta tana cikin haƙƙin da ke wuyanka, kuma kana ƙasar da mutanenmu ke biyan kuɗin jirgi su zo neman wannan aikin. Ku gaya wa likitar abin da ta sha, kuma in akwai zaton ciki kada ta sha ko garin sai da izininta.

Game da salla, in jinin ya zarce kwanakin da ta saba, a Malikiyya takan ƙara kwana uku a kan mafi tsawon al'adarta matuƙar jimillar ba ta wuce kwana 15 ba. Abin da ya biyo baya jinin cuta ne: ta yi wanka, ta yi salla da azumi, kuma an so ta sabunta alwala ga kowace salla.

Wallahu a'alam.