Amsa: Ina zan sha askirim mai daɗi a Iskandariyya?

Malam, tunda ka ce daga Alƙahira za ku je Iskandariyya hutun bazara da iyali, kuma kana neman inda 'yan gari ke shan askirim, to ka nufi unguwar Bahari, can wajen ganuwar Ƙaitbay da aka fara ginawa a 1477 a gurbin tsohuwar hasumiyar nan mai haska wa jiragen ruwa hanya. A nan shagon askirim na Azza yake, kowane direban tasi ya san shi.

Ka fara da na madara mai ƙaron mastika. Yana da danƙo, in an ɗebo sai ka ga yana jan zare kamar miyar kuɓewa. Na lemun tsami kuwa shi ke kashe ƙishi, ni dai shi na fi so. Yara ka saya musu na mangwaro, don lokacinsa ne.

Kada ku je da rana tsaka, kafin ka biya kuɗi ya narke a hannu. Ku bari sai bayan Magariba, iskar teku ta taso, ku zauna kan katangar Kornish, wato titin da ke bin bakin teku. Amma daren Alhamis da Juma'a akwai cunkoso sosai, ka riƙe hannun ƙananan, musamman wajen tsallaka titi.